Yadda na shiga gasar waƙa mai ƙwar biyar a Jidda

Tun da aka kammala gasar rubutacciyar waƙar da wata ƙungiyar zumunta ta Hausawa mazauna Jidda ta shirya, 'yan uwana matasa suke ta tare ni da tambaya, wasu a bakin masallaci, wasu ta waya: yaya ake shiga, me alƙalai suke dubawa, kuma wanda aka haifa a Makka zai iya karawa da wanda ya taso a Kano ko Sakkwato? Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki. Mu da aka haifa a nan halinmu daban ne. Da Larabci muka yi makaranta, Hausa kuwa a tsakar gida muka tsince ta, daga bakin iyaye da kakanni. Da yawanmu mun san sunan Khalilu ɗan Ahmad da ma'aunan waƙar da ya tsara, har mun yanka baitocin Larabci a aji, amma ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake ɗora waɗannan ma'aunai a kan Hausa. A nan ruɗanin yake, kuma a nan na fi daɗewa.

Sanarwar ta zo mini ne ta hannun baffana, ya turo mini ita a WhatsApp bayan ƙaramar Salla. Sharuɗɗan a taƙaice suke: waƙa ta zama mai ƙwar biyar, wato ɗango (layi) biyar a kowane baiti, kada ta gaza baiti 20 kada kuma ta wuce 30, a kan kari (ma'aunin waƙa) ɗaya daga farko har ƙarshe, da babban amsa-amo guda, jigo kuwa shi ne hanyar aikin hajji ta ƙasa wadda kakanninmu suka biyo. A gidan sakataren ƙungiyar ake rajista, bayan sallar isha'i. Na tafi da kwafin igamata, wato takardar izinin zama, da riyal 50, waɗanda aka ce gudummawa ce ta kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, inda za a yi taron ƙarshe. Aka miƙo mini fom mai shafi ɗaya, na cike suna da lambar waya da unguwa, aka rubuta mini wata lamba a gefen rasit, aka ce ita zan sa a kan waƙar maimakon sunana don kada alƙalai su san mai ita. Ku adana wannan rasit, domin ana neman sa har ranar ƙarshe. Kafin in tashi na yi wa sakataren tambayar da nake ganin ya kamata kowa ya yi: ƙwar biyar ɗin da suke nufi, muhammasa ce ko tahamisi? A kan takarda kamanninsu ɗaya, amma abubuwa biyu ne. Muhammasa ita ce wadda ɗango biyar ɗin kowane baiti duk naka ne. Tahamisi kuwa shi ne ka ɗauko baitin wani mai ɗango biyu ka ɗora masa uku naka a sama, kamar yadda Ibn Muhib ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi da muke jin tsofaffinmu suna rerawa. Ya ce muhammasa suke so, kada a jingina da baitin kowa. Daga baya na ji an ajiye waƙar wani bawan Allah gefe duk da kyanta, saboda tahamisi ya kawo, kuma abin ya sosa mini rai, don tambaya ɗaya ce da ta cece shi.

Ban fara da alƙalami ba. Kakata, mahaifiyar babanmu, tana 'yar ƙarama aka taho da ita ta wannan hanya, kuma tana nan da ranta. Na riƙa zuwa wurinta bayan la'asar, in kunna ɗaukar murya a wayata, in ce, "Hajiya, a ba ni labarin hanya." Ita kuma ta ce, "Maigidana, wacce daga ciki? Ai hanyar da yawa take." Abin da ta riƙe guntu-guntu ne: jakin da aka ɗora ta a kai tsakanin mangala biyu, salkar ruwa da ake yi wa tsimi, da sunayen garuruwa da ta haddace daga bakin mahaifinta. Na haɗa nata da abin da na karanta, sai hanyar ta miƙe a gabana. Ayari kan tashi daga ƙasar Hausa ya ratsa Barno, ya tsallaka zuwa Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, ya bi ta Abeshe ya shiga Darfur ta Janaina, sai Fashir, sai Ubayyid inda layin dogo ya iso wajen 1912. Mai abin hannu ya hau jirgin ƙasa, marar shi ya tsaya neman guzuri. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 an buɗe gonakin auduga na Jazira, mahajjata da yawa sukan yada zango a can suna cirar auduga har su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Wasu sai sun shekara da shekaru kafin su ga Bahar Maliya. Wasu ba su taɓa ƙarasowa ba, zuriyarsu na can Sudan har yau, kamar yadda ake da mutanenmu a Maiwurno, garin da aka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Ranar da Hajiya ta faɗa mini cewa a Jazira aka binne ƙanenta, ta yi shiru mai tsawo, na kashe wayar na zauna tare da ita. A ranar na san cewa ba don kyauta kaɗai zan rubuta waƙar nan ba.

Daga nan sai zaɓen kari da amsa-amo, kuma shawarata ita ce a zaɓe su tare, kada a raba su. Na ɗauki mutaƙarab, wanda ƙafarsa ita ce fa'ulun: gaɓa ɗaya marar nauyi sannan biyu masu nauyi, a maimaita sau huɗu a ɗango, ta ƙarshe a guntule ta zama marar nauyi ɗaya da mai nauyi ɗaya. Na zaɓe shi don yana da tafiya irin ta ayari, ba gudu ba tsayawa. Babban amsa-amo kuma na ɗauki "ya", domin Hausa tana da arzikin kalmomin da ke ƙarewa da ita: gaskiya, zuciya, duniya, lafiya, dukiya, rijiya, safiya, wuya. Na buɗe shafi guda na jera duk waɗanda na iya tunawa kafin in rubuta ko ɗango ɗaya, saboda baiti 25 na yi niyya, kowanne kuma sai ya rufe da kalmarsa. Malaman Larabci suna ganin aibi ne a maimaita kalmar amsa-amo da ma'ana ɗaya kafin a wuce baiti bakwai, alƙalanmu ma da wannan idon suke dubawa. A wajen jerin ne na ga wani abu da ba ya fitowa sai an auna. Waƙata a kan hanya take, amma kalmar "hanya" ba za ta zauna a ƙarshen ɗango ba a wannan kari, don gaɓoɓinta biyu duk masu nauyi ne, alhali ƙarshen yana son marar nauyi sannan mai nauyi. "Tafiya" ma sai da sassauci take shiga. Wanda ya zaɓi amsa-amo bai auna shi da karinsa ba, zai iya samun rabin jerinsa ba su da amfani.

Rubutun kansa da dare na yi shi, bayan na taso daga shago. Wani daren baiti guda ke fitowa, wani daren ko ɗango babu. Na buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda magabata suka saba, sannan na bi ayarin zango-zango. Ga ɗaya daga cikin baitocin, don a ga yadda ƙaramin amsa-amo ke riƙe ɗango huɗu na farko, na biyar kuma ya koma ga babba:

A kullum idan na ga dutsen Mina,
Iyayenmu ne zuciya kan tuna,
Talauci da nisa sukan so hana,
Da rairai da kogi, tsayawa ina?
Nufin dai su zo Makka nan lafiya.

Da na haɗa daftarin farko, baffana ya kai ni wurin wani dattijo, malamin da ya yi karatun zaure a Zariya kafin ya zo ya zauna a Makka. Wannan shi ne zangon da ya fi kowanne amfani a gare ni, kuma shi ne wanda nake roƙon kada kowa ya tsallake. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar. Ya dube ta ya ajiye, ya ce, "Ɗana, boko ba ya faɗa mini komai a kan kari. Rera mini." Na fara rerawa, shi kuma yana buga yatsa a kan gwiwarsa. Duk inda yatsan ya tsaya, sai ya ce in sake wannan ɗangon. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai gaɓoɓin sun cika goma sha ɗaya." Ya ce ba ƙirga ake yi ba, awo ake yi. Kari, in ji shi, kamar luguden mata ne a turmi, in taɓarya ɗaya ta yi jinkiri kowa a gidan sai ya ji. Sannan ya bayyana mini abin da ba wanda ya taɓa faɗa mini. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, ita ce marar nauyi, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, da kuma wadda baƙi ya rufe ta, waɗannan masu nauyi ne. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, amma a ma'auni na farko ya fara da gaɓa marar nauyi, na biyu da mai nauyi. Wanda ya taso a ƙasar Hausa kunnensa kan yi masa wannan aiki ba tare da ya sani ba. Mu kuwa da harshenmu ya saba da Larabci, mukan ja wasali inda ba a ja, mu taƙaita inda ake ja, har mu ɗauka ɗango ya zauna alhali ya karye.

Maganin da ya ba ni shi ne in sake rubuta waƙar gaba ɗaya da ajami. A ajami dogon wasali sai an sa masa alif ko wawu ko ya'u, saboda haka dole ka yanke hukunci a kan kowace gaɓa kafin alƙalami ya wuce, kuma da ka gama sai ka yanka ɗangon yadda aka koya mana yankan baitin Larabci a makaranta. A nan karatunmu na nan ƙasar ya zama riba. Duk kalmar da na yi shakkar tsawonta, sai in koma wurin Hajiya in ja ta da hira har ta furta ta da kanta, in saurara. Ban taɓa ce mata ta faɗi kalma kaza ba, don in ka nemi mutum ya furta kalma shi kaɗai yakan ja ta fiye da yadda take. Malam ya kuma cire mini wasu kalmomi da muke faɗa kullum a nan muna zaton Hausa ce, irin su sayyara mai nufin mota da shara'a mai nufin titi. Ya ce Larabcin da ya daɗe da zama Hausa, kamar lafiya da duniya, ba mai taɓa shi, amma na kasuwar Makka alƙali zai rage masa maki. Bai karɓi ko riyal ɗaya ba. Na kai masa turare da dabino, ya sa mini albarka.

Akwai kuma batun ramzi, wato saka shekarar da aka yi waƙa cikin haruffa a baitin rufewa. Ba dole ba ne a sharuɗɗan, amma yana ƙara wa waƙa kwarjini. A nan ma akwai tarko ga ɗan Makka. Lissafin abjadi da aka sani a nan na gabas ne, inda gainu ke da 1000, shinu 300. Malaman ƙasar Hausa kuwa lissafin Magrib suke bi, inda shinu ke da 1000, sinu 300, gainu 900. Shi ya sa ramzin tsofaffin waƙoƙinmu yakan ɗauki shinu. Shekarar 1445, a misali, a lissafinsu shinu ce da ta'u da mimu da ha'u: 1000 da 400 da 40 da 5. Na bi na Magrib, na kuma rubuta haka a ƙasan shafi don kada a yi mini lissafi da na gabas.

Bugawa ta ɗan ba ni wahala. An ce a kawo kwafi uku da boko, da haruffa masu lanƙwasa daidai, wato ɓ da ɗ da ƙ. Shagon buga takardun da na fara zuwa, kwamfutarsu ta mayar da waɗannan haruffa akwatuna. Abin da ya yi aiki shi ne na buga a wayata da allon rubutun Hausa, na mayar da shi PDF, sannan na kai aka fitar, riyal ɗaya kowane shafi. Na haɗa da muryata ina rera waƙar, na tura wa sakataren, na kai takardun cikin ambulan da lambata a bayansa.

Sai jira. Ba a faɗi ranar da sakamako zai fito ba, kuma wannan shi ne abin da na fi so masu shiryawa su gyara, domin mutum yakan kwana yana duba waya. Har na fara cire rai sai ga kira, aka ce ina cikin waɗanda suka tsallake, in zo tantancewa da rasit ɗina. Ban san me ake nufi da tantancewa ba sai da na shiga. Alƙalai uku ne a zaune a falo. Suka tambaye ni karin da na hau, suka ce in yanka ɗango biyu a gabansu, suka tambaye ni dalilin da ya sa na ambaci Jazira. Daga ƙarshe babbansu ya ba ni ɗango guda a kan karina, ya ce in cika shi baiti kafin a gama shan shayi. Manufarsu su tabbatar kai ne mai waƙar, ba wani ya rubuta maka ba. Hannuna ya yi ta rawa, amma karin ya riga ya zauna mini a kunne saboda yawan rerawa gaban Malam, sai baitin ya fito. Bai kai na cikin waƙar kyau ba, kuma ba kyau suke nema a wannan zama ba, awo suke nema.

Taron ƙarshe daren Juma'a aka yi shi a wata istiraha a bayan garin Jidda. Na taso daga Makka bayan la'asar tare da baffana da Hajiya, wadda ta ce ko a kan kujera ne sai an kai ta. Maza na farfajiya a kan darduma, mata na ɓangarensu da lasifika, ana ta zagayawa da gahawa da dabino. Kowa minti goma aka ba shi, kuma rerawa ake so, ba karantawa ba. Wanda waƙarsa ta kai baiti 30 kuma muryarsa mai ja ce, lokaci ya kan ƙare masa kafin rufewa, na ga hakan ta faru ga mutum biyu. Ni na riga na auna tawa da agogo a gida. Da na zo baitin Jazira sai na ji wurin ya yi tsit, wani tsoho a sahun gaba ya sa gefen rawaninsa yana share ido, muryata ta so ta sarƙe, na ja numfashi na ci gaba. Alƙalai sun bayyana cewa a kan abu biyar suka raba maki: kari, amsa-amo, jigo, tsabtar harshe da rerawa. Wata baiwar Allah ce ta zo ta ɗaya, daga ɓangaren mata ta rera tata, kuma wallahi ta cancanta, don ban ji inda karinta ya yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Ni na zo na uku, aka ba ni takardar shaida da ambulan. Da muka shiga mota Hajiya ta ce, "Maigidana, ka kai ƙanena Makka." Ban iya ba ta amsa ba.

Ga wanda zai shiga ta gaba, abin da zan ce ya fara da shi shi ne kunne. Ya zauna da tsofaffin gidansu ya saurari Hausarsu, ya kuma nemi wanda zai rera wa waƙar tun tana baiti biyar, kada ya jira sai ta cika, domin gyaran ɗango ɗaya a ƙwar biyar yakan ja sauran huɗun su rushe. Kada ya ji kunyar cewa Hausarsa ta Makka ce. Arulin, wato ilimin awon waƙa, da ya karanta a makaranta da iya rubutun Larabci dukiya ce da wasu abokan karawarsa ba su da ita, in dai ya haɗa ta da ajami. Ya bar wa kansa sarari tsakanin gama rubutu da ranar rufe karɓa, saboda zuwa wurin malami da komawa da bugawa sun fi rubutun cin lokaci. Ya haddace waƙarsa, ko da an yarda a riƙe takarda, don hasken istiraha da dare ba abin dogaro ba ne. Kuma kada ya goge komai daga wayarsa bayan taro. Mu da muka kai zagayen ƙarshe an sake kiran mu aka ce ana so a tattara waƙoƙin wuri ɗaya, kowa ya turo tasa da boko da ajami da kuma murya, waɗanda ba su yi ta ajami tun farko ba yanzu suke neman mai rubuta musu.